Labarin da Tsawa Ta Rufe

Lorenda Bitsilly mace ce mai ƙoƙari, amma ba ta iya jira ba, ba ta kuma iya zama ba. A ganinta babu abin da ba za a iya sa masa rana da awa ba, kuma ita ce mai sawa. A nan Lukachukai aka haife ta. Tana shekara shida mahaifiyarta ta tafi da ita Phoenix, can ta yi karatu, ta sami aiki a wani kamfanin inshora, ta yi aure, auren ya mutu, ta fito da 'ya ɗaya mai suna Dezbah. Harshenmu na ƙabilar Diné ya zube mata a hanya, sai gaisuwa da sunayen abinci suka rage. Ni ƙawar mahaifiyarta ce tun muna bin tumaki, shi ya sa take ce mini Inna. Gidana ne mafi kusa da na kakarta, tafiyar minti goma a ƙafa.

Kakar tata ba zan kira sunanta ba, mu ba ma yin haka ga wanda ya riga ya tafi. A lokacin da nake ba da labari ta haura tamanin da biyar. Kunnenta ya yi nauyi ƙwarai, sai an ɗaga murya, amma idonta ko allura ta faɗi a ƙasa za ta nuna maka. Ita kaɗai take zaune a hogan ɗinta, wato ɗakinmu na gargajiya na itace da laka, ta ƙi komawa gidan bulo da aka gina mata. 'Ya'yanta uku duk sun riga ta tafiya. A gidansu ita kaɗai ta rage da ke riƙe da dogon labarin nan na asali, tun daga duniyoyin ƙarƙashin ƙasa har zuwa yadda zuriyarsu ta Ruwan Ɗaci ta sami sunanta, da rijiyoyin da kakanninsu suka yada zango, da waƙar da ake rufe labarin da ita. Kowane gida da yadda yake faɗin nasa. Ni 'yar zuriyar Jan Gida ce, namu daban.

Abin da ya dawo da Lorenda gida tambaya ce ta yarinya. Dezbah tana shekara goma sha ɗaya wata malama 'yar Diné ta koya musu yadda mutum ke gabatar da kansa da zuriyoyinsa huɗu. Yarinyar ta dawo gida ta ce, "Mama, me ya sa ake ce mana Ruwan Ɗaci? Wa ya ɗanɗana ruwan?" Lorenda ba ta sani ba, kuma mahaifiyarta da za ta tambaya ta rasu shekara biyu kafin nan. Abin ya tsaya mata a rai. Ita kuma in abu ya tsaya mata a rai, so take a gama shi a makon.

Ta zo a watan Yuli, tsakiyar zafi. Kowa a nan ya san in ka je gidan mutum sai ka tsaya a mota ka ɗan jira, har masu gida su kintsa su leƙo. Lorenda oda ta danna sau biyu, ta fito da waya a hannu. Ta biyo ta gidana ta ɗauke ni tun farko, don kakarta ba ta jin Turanci, ita kuma ba ta jin namu, ni ce tafinta. Muka sami tsohuwar a ƙarƙashin rumfa tana sharce ulu.

"Shimasani," in ji Lorenda, haka muke kiran kaka ta wajen uwa, "labarin nan na zuriyarmu na zo ki ba ni gaba ɗaya. Ina da yau da gobe."

Na faɗa wa tsohuwar da ƙarfi a kunne. Ta dubi jikarta tun daga takalmi har agogon hannu, ta yi dariya har da tari.

"Mai Agogo ta zo," ta ce. "Tambaye ta, ba ta ga maciji a hanya ba?"

"Na ga ɗaya yana tsallake titi. Me ya haɗa?"

"To ai kin gani. Macizai a farke suke, beyar a farke, gizo-gizo na saƙa, tsawa na yawo a kan dutse kowace yamma. Duk suna cikin labarin nan. Ni ba zan yi zancensu suna ji ba. Ki dawo ranar da raɓa ta daskare a kan ciyawa. Daga ranar har tsawar fari bakina a buɗe yake. Zama huɗu ne, yamma huɗu."

Lorenda ta ɗaga wayar ta ce to in ta dawo za ta naɗi muryar, an huta. Tsohuwar ta nuna wayar da leɓe.

"Wannan abin ya san lokacin ɗari da lokacin zafi? Wata rana za ki danna shi a bazara ya yi ta zuba. Kunne za ki kawo mini, da na yarinyar."

A mota Lorenda ta yi ta mita. "Haba Inna, a wannan zamanin? Awa shida na yi ina tuƙi. Maciji ne zai kai ƙarata?" Na ce mata ni ban san abin da maciji zai yi ba, amma na san abin da kakarta ba za ta yi ba. Ta rubuta wani abu a waya, ta ce ta sa shi a Oktoba.

Raɓa ta daskare ranar sha ɗaya ga Oktoba. Da safen nan tsohuwar ta tako har gidana da sandarta, ta ce in kira Mai Agogo in gaya mata ƙofa ta buɗe. Na hau tudun da ake samun layi na kira. Lorenda ta ce madalla, amma ƙarshen wata ne ya fi mata, aiki ya yi yawa. Ƙarshen wata ya zo ta ce Nuwamba. A Nuwamba aka tura ta wani taro. A Disamba ta ce hanya cike take da motocin hutu. A Janairu dusar ƙanƙara ta rufe hanyarmu kwana tara, wannan kam ba laifinta ba ne, amma sauran kwana ashirin da biyun hanya lafiya lau take. Duk kiran da na yi amsa ɗaya ce: "Inna, ina sane, yana cikin lissafina." Tsohuwar ba ta ƙara aiko ni ba bayan kira na uku. Sai dai na lura ta sa an yanka mata tunkiya a Disamba, ta shanya rabin naman ta ajiye, ba ta ce don wa ba.

Sai a makon ƙarshe na Fabrairu suka iso, ranar Juma'a, ita da Dezbah. An yi farfesun tunkiya da kunun shuɗiyar masara. Bayan an ci, rana ta faɗi, aka ƙara itace a murhu, tsohuwar ta fara. Yanzu da nake rubuta wannan lokacin ɗari ne, don haka zan iya cewa zaman farko na duniyar duhu ne, inda komai ya faro. Tana faɗa, ina juyawa, Lorenda na rubutu a littafi da sauri kamar ana korar ta. Dezbah ba ta rubuta komai ba. Ta jingina da gwiwar tsohuwar, bakinta a buɗe.

Da aka tashi Lorenda ta duba agogo. "Awa biyu kacal. Inna, ce mata ta ɗora na biyun yanzu, gobe mu yi na uku da na huɗu."

Tsohuwar ta ce, "Tambaye ta ko ta taɓa cin abincin gobe yau ta ƙoshi har jibi."

Washegari da rana Lorenda ta wuni a kan tudu tana amsa saƙonnin ofis. Dezbah ta wuni a hogan. Babu harshen da ya haɗa su, amma tsohuwar ta koya mata wasan zare a yatsu, wanda shi ma sai da ɗari ake yi. Da na shigo da ruwa yarinyar ta ce in tambayar mata yadda ake gane ƙofar labari ta rufe. Tsohuwar ta dafa sanda ta miƙe.

"In kin ji tsawar fari, duk abin da ke barci ya farka. Ke ma sai ki farka. Ki ajiye abin da ke hannunki, ki yi miƙa, haka." Ta ɗaga hannuwanta sama, ta banƙare, ƙasusuwanta suka yi ƙara. Dezbah ta kwaikwaya, ta ƙara da hamma irin ta beyar. Suka yi ta dariya su biyu.

Zama na biyu ya tsaya a inda ruwa ya taso, mutane suka shige cikin babban kara suna hawa, ruwan na bin su a baya. Nan tsohuwar ta tafa hannu ta ce sai gobe.

Gobe kuwa Lahadi ce. Da sassafe na tarar Lorenda tana loda jaka a mota.

"Ina za ki?" na ce.

"Litinin akwai aiki, Inna. Juma'a mai zuwa za mu dawo mu ƙarasa."

"Ba ki da kwanakin hutu?"

"Ina da su, amma na tara su ne don Yuni. Na yi wa Dezbah alkawarin bakin teku."

"Teku zai gudu ne? Kwana biyu fa. Dubi sama, iska ta fara ɗumi, tumaki sun fara haihuwa."

"Na duba hasashen yanayi. Babu hadari har tsakiyar Maris."

Dezbah ta ce ita a bar ta a nan, za ta zauna wurina. Uwar ta ce makaranta fa. Tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ji abin da muke cewa ba, amma ta ga jakunkunan. Ba ta roƙi kowa ba. Ta shiga ta ɗauko sauran busasshen naman ta miƙa wa yarinyar.

Juma'ar da aka ce ba su zo ba, motar ce aka kai gyara, gyaran da ta ɗage tun Janairu. Sai ta sama suka zo, wajen ƙarfe uku na rana. Ranar akwai ɗumi, gajimare ya taru baƙi a kan dutsen Chuska. Ƙofar hogan a buɗe take, tsohuwar na zaune a ciki tana kaɗi, tana fuskantar waje. Dezbah ta rungumi buhun fulawar da suka kawo ta yi gaba. Ni da Lorenda muna bayan mota muna sauke jarkokin ruwa.

Sai aka yi tsawa. Sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa, daga bayan dutse. Ba mai ƙarfi ba ce, amma duk mai kunne ya ji.

Lorenda ta damƙe wuyan hannuna. "Inna, ba ta ji ba."

"Ni na ji."

"Yamma biyu kawai suka rage. Ba don ni ba, don Dezbah. Ki yi shiru kawai, ba ƙarya na ce ki yi ba."

Zan faɗi gaskiya, ban ce mata a'a ba. Na tsaya da jarka a hannu ina tunanin shekarun tsohuwar, ina tunanin ko za ta ga wani ɗarin. Ban san abin da zan yanke ba da an bar ni. Ba a bar ni ba. Da muka waiwaya, Dezbah ta ajiye buhun daidai bakin ƙofa, ta ɗaga hannuwanta biyu sama, ta banƙare, tana murmushi tana kallon kakar uwarta don ta ga ta iya.

"Dezbah! Sauke hannunki!" in ji Lorenda.

Yarinyar ta sauke a tsorace. Amma mazarin tsohuwar ya riga ya tsaya. Muka ƙarasa bakin ƙofa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"An yi tsawa?" ta ce.

Na juya wa Lorenda tambayar. Ta ce, "Ce mata babbar mota ce a kan titi." Titin kwalta mil bakwai ne daga nan. Ni tafinta ce, na faɗa yadda aka faɗa mini: jikarki ta ce babbar mota ce.

"Na ji nata," in ji tsohuwar. "Ke fa, me kika ji?"

"Tsawa," na ce.

Ta ajiye mazarin. Ta dafa sanda ta tashi a hankali, ta fito waje, ta fuskanci dutsen ta yi miƙarta. Ta kira Dezbah da hannu, ta shafa mata kafaɗu da hannuwa da ƙafafu, tana ja kaɗan-kaɗan kamar yadda ake yi wa yara don su yi tsayi. Sai da ta gama sannan ta juyo wurin Lorenda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da kin bar ni na kira sunan macizai da tsawa suna ji. Ni na tsufa, abin da zai same ni ya riga ya kamo hanya. Amma a gaban wa zan faɗa? A gaban yarinyar nan. Kin so ki ba ta labarin gidansu, sai ki fara da sa kakarki ta karya shi?"

Na juya maganar duka, ban rage ko kalma ba. Lorenda ta fashe da kuka. Ta durƙusa ta riƙe gefen siket ɗin tsohuwar. Ta ce ta yi kuskure, ta ce a bar zama na uku, a bar waƙar, a faɗa mata abu ɗaya kawai, wanda ya ɗanɗana ruwan. Jimla ɗaya ce, in ji ta, ko minti ɗaya ba za a yi ba.

Tsohuwar ta dafa kanta. "Tashi, jikata. Ba fushi nake ba. Raɓa za ta sake daskarewa. Ki zo ranar, ba washegari ba."

Sun kwana biyu a wannan zuwan, an ci an sha, an je an ga 'yan raguna. Ba a ƙara ta da zancen ba. A Yuni suka je bakin teku, Dezbah ta aiko wa tsohuwar farin ƙwanso a ambulan, ta rataye shi a jikin masaƙarta.

A tsakiyar Satumba tari ya kama ta. Muka kai ta asibiti a Chinle, ta yi kwana takwas. Lorenda ta zo ta zauna a gefen gadonta, wannan karon ba ta duba agogo ba, kuma ba ta tambayi komai ba, don har lokacin ana tsawa da yamma. Tsohuwar ta tafi ranar ashirin da shida ga wata. Raɓa ta daskare bayan kwana goma sha biyu.

Ban kira kowa ba a safiyar. Amma da la'asar na ji mota ta tsaya a ƙofar gidana, aka kashe inji, ba a danna oda ba. Na ɗauki lokacina na kintsa, na leƙa. Lorenda ce da Dezbah, suna zaune a ciki suna jira. Ashe tun farkon wata Lorenda take duba sanyin Lukachukai kowace asuba, ta kuma ɗauki hutun mako guda.

Na yi musu abin da zan iya. Zama na uku, yadda mutane suka fito daga cikin karan zuwa wannan duniyar, na ba su irin na gidanmu, don a nan bambancin kaɗan ne. Na huɗun ba ni da shi. Muka yi kwana uku muna yawo gidajen 'yan Ruwan Ɗaci. Wani dattijo a Tsaile ya karɓe mu da kyau, ya ba su nasa, sannan ya ce, "Wannan na gidanmu ne. Kakanninku ta wata hanya suka biyo, rijiyoyinsu daban, waƙarsu daban. Tsohuwar can ta Lukachukai ce ke da shi. Na taɓa ji a bakinta ina saurayi, amma ban riƙe ba, ba nawa ba ne."

A yammacin ƙarshe Lorenda ta ce ita za ta faɗa wa 'yarta zama biyun da ta samu, da bakinta, ba tare da littafi ba. Ta yi ƙoƙari. Inda ta manta Dezbah ce ke tuna mata, don yarinyar ta fi ta riƙewa. Ta kai inda ruwa ke bin mutane a cikin kara, ta ɗora da nawa, ta fito da su duniya.

"Sai kuma me?" in ji Dezbah.

"Nan na tsaya."

"To wa ya ɗanɗana ruwan?"

"Ban sani ba."

"Shimasani ta sani?"

"Ta sani."

"Me ya sa ba ta faɗa mana ba?"

Lorenda ta tura itace a murhu.

"Ta jira mu wata biyar," ta ce. "Ni ce ban zo ba."

Yanzu shekara huɗu ke nan. Duk ranar da raɓa ta fara daskarewa suna zuwa. Dezbah ta fara jin harshenmu, ta iya kaɗi, kuma ita ce ke faɗin zama ukun. In ta kai ƙarshen na uku sai ta ce, "Akwai na huɗu," ta tafa hannu, a tashi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ke bakin tsofaffi ba ya jiran mu gama harkokinmu. Yana da lokacinsa da ƙa'idarsa, kuma wanda yake so ya gada sai ya zo a lokacin, ya zauna har a gama, ya karɓa yadda aka ba shi. Lorenda ta yi gaggawa a inda ake son haƙuri, ta yi jinkiri a inda ake son hanzari, da ta ga lokaci ya ƙure kuma ta nemi ta cike giɓin da ƙarya. Kwana biyu ta hana, 'yarta da jikokinta suka rasa abin da ba za a sake samu ba. In kana da dattijo a gida wanda ya ce maka ka zo ya faɗa maka wani abu, ka ajiye abin da kake yi ka je yau.